Ninkin Riga a PZ

Bakwai da rabi nake sauka daga keke a PZ,
masu shayi ba su gama ɗauraye kofuna ba.
Baba Jatau mai gadi ya san ni shekara biyu,
har sunan unguwarmu ya sani,
amma sai ya laluba aljihuna in zan shiga,
ya kuma lalubawa in zan fita.
"Dokar kamfani ce, Tanimu."
Yana faɗa, idonsa na kan takalmina.

Ciki akwai sanyi, wannan ba zan ɓoye ba.
Da bazara, kwalta na narkewa a Kwangila,
ni ina shan iskar na'ura ba ko sisina.
In an ɗauke wuta, janareta ya yi tari sau ɗaya ya tashi.
Ran ashirin da takwas ga wata waya ta yi ƙara,
albashi ya sauka,
ban durƙusa wa kowa ba, ban ce ranka ya daɗe ba.
Da shi na biya wa Ladidi kuɗin jarrabawa.
Da shi aka sauya kwanon ɗakin Inna
da ke yoyo tun ina aji uku.

A nan na koyi gane yadi da yatsa biyu,
na koyi auna kafaɗar mutum da ido tun daga ƙofa.
Na iya gaisuwa da harshe huɗu.

Sai dai babu kujera a sashenmu.
Manaja ya ce mai zama ba ya ciniki.
Kafin la'asar ƙafafuna sun zama na aro,
da dare sai ruwan zafi da gishiri.
Wata hajiya ta birkice riga arba'in jiya,
ta tambayi kuɗin kowacce, ta taɓe baki, ta fita.
Na ce, "Allah ya kawo ki gobe."
Na ninke su, kyamara na kallon ƙeyata.

Wando ɗaya ya ɓata a watan jiya,
mu shida aka yanka wa.
Rifkatu ta makara sau uku da damina
saboda ruwa ya tare hanya a gadar Kubanni.
Yanzu wata ce ke saye da rigar aikinta,
ko hannun ba a rage ba.
Takardata ma ta wata shida-shida ce,
kamar hayar shago.

Daren Sallah sai sha biyu muke rufewa.
Mu tufatar da rabin gari,
mu je idi da jajayen idanu.

Akwai mutum-mutumin roba a bakin gilashi,
ni nake sa masa kaya duk Litinin.
Abin da ke jikinsa yau albashina ne na wata biyu.
Ba shi da fuska, shi ya sa ba a ce masa ya yi murmushi.
Tsayuwa ɗaya muke yi, ni da shi.

Mahaifina na zaure a cikin birni,
wata uku yana kan aska takwas a ƙirjin riga guda.
Mai ita ya karɓa ya ce sai bayan Sallah.
Sallah uku ke nan.
Wata rana ya ce min, "Riƙe aikinka da kyau."
Wata rana kuma, yana zura zare,
"Guntun gatarinka dai ya fi sari ka ba ni."
Ban san wacce zan ɗauka ba, shi ma bai zaɓa ba.

Da rangwamen ma'aikata na sayo masa taguwa.
Bai dubi launinta ba, ya juya cikinta waje,
ya bi ɗinkin da farce tun daga wuya har ƙasa.
"Hannun wa ke nan?"
Na karanta ƙyallen da ke wuyan: lamba ce da sunan wata ƙasa.
Ya yi shiru. Ya ɗauki allura ya ƙara wa maɓallin sama zare.

Ran Juma'a na hango shi da ita a ƙarƙashin babbar riga.
Ban tsaya ba. Minti arba'in aka ba mu.