Ƙanƙarar Wasu

Nafi'u ya turo bidiyo daga Rasha,
muka taru a rumfar Barau mai caji,
kai bakwai kan waya ɗaya mai tsagaggen gilashi.

Ga yara, gemu bai ko leƙo ba,
sun ɗaura wuƙaƙe a tafin ƙafa,
suna tsaga farin fili kamar mai gyaran kifi.
Wai duk ƙanƙara ce.
Ni da nake saro ta bulo-bulo daga Haɗeja,
in binne ta cikin ƙaiƙayin shinkafa
kada ta tsere min kafin in kai Auyo,
ga wasu na tattaka ta da gangan!

Mai lamba sha bakwai,
bara, in ji Nafi'u, tangaɗi yake
kamar ɗan maraƙi ranar haihuwa.
Bana ya ratsa mutum uku,
ya murɗa gora, raga ta girgiza.
Manya sun fara rubuta sunansa.

Caji ya ƙare. Kowa ya kama gabansa.

Da la'asar na bi ta fadama.
An kwashe amfani, laka ta yi santsi,
ga Cindo ɗan ƙanwata da reshen kalgo
yana kora ƙodagon goruba
tsakanin ƙafafun sa'anninsa.
Ya zame, bai faɗi ba,
ya zura tsakanin takalma biyu.

Ba wanda ya rubuta komai.
Na jingine keke ina kallo
har buhun baya ya fara ɗiga,
jarina yana bin taya,
ɗigo-ɗigo,
zuwa cikin lakar.