A Kifa Shi a Duba Gindi

Ran Laraba, bayan la'asar,
a rumfar cajin Ilu, gindin tsamiyar Harbo,
wayoyi talatin na shan wuta kamar 'yan tsaki a kasko,
sai tawa ta yi tsuwa.

Ruwa ne a ciki, ja wur, ya ci gonaki.
An rubuta: gobe a fadamarku zai kwana.
Ni na fara turawa, ba zan ɓoye ba.
Kafin magariba Talle ya wasa lauje,
ya faɗa wa shinkafarsa
ko madararta ba ta daskare ba.

Iya Tabawa mai ginin tukwane ta zo karɓar tocilanta,
ta ce a miƙo ta gani.
Ta kai fuska, ta janye, ta sake kaiwa.
"Wannan kwalekwale ba sassaƙarmu ba ce.
Ina giginyar bakin gada?
Wa ya ɗauka? Ran wace kasuwa?"
Muka ce turo shi aka yi.
"Wa ya turo?" Wani.
"Wa ya ba wanin?"
Ba mai magana sai janareta.

Ta ce, "Ko a Gujungu ka tsinci tukunyata, kifa ta,
za ka ga babban yatsana da zane uku.
In ta yi yoyo, ka san ƙofar da za ka buga.
Wannan in ya yi yoyo fa?"

Ilu ya ce yanzu akwai hotuna masu irin wannan shaida,
hatimi ɓoye a cikinsu:
na'urar da ta ɗauka, da rana,
da duk hannun da ya rage ko ya ƙara,
yadda malam kan jero maruwaita
kafin ya faɗi hadisi.
Ya danna, ya laluba. Wayam.
Tsintacciyar mage.
"Rashin hatimi bai ce ƙarya ne ba," in ji shi,
"amma bai ce a wasa lauje ba."

Da asuba muka gangara kogi.
Ruwa na nan inda ya kwana,
bai taɓa turken Sarkin Ruwa ba.

A dawowa na bi ta gonar Talle.
Dami goma sha ɗaya, kore shar, sun fara zafi.
Yana tsugune. Na kasa yin sallama.

Yanzu in waya ta yi tsuwa a aljihuna,
sai in ji sanyin yumɓu a yatsa.