Madafa a Waje

Ranar Laraba ta mutu, da la'asar sakaliya,
NEPA ta kawo wuta a fusace kamar mai bin bashi.
Ɗan tartsatsi, ƙaurin roba, shi ke nan.
Kwamfuta ko gezau.
Cajar ce ta tafi,
baƙin tubalin nan da na shekara uku ina tsine wa
daga Kwangila har Samaru,
yana cin kafaɗata ta cikin jaka.

Na kai gawar PZ, rumfar Ashiru,
inda matattun rediyo ke jingine da juna.
Na ce, "Masu ƙera abu siriri kamar faifai,
me ya hana su cusa wannan a ciki,
mu huta da jan jela?"

Bai ɗago ba. Dalma na narkewa a bakin ƙarfensa.
Ya ce, "A gidanku ina ake girki?
A ƙuryar ɗaki, gefen gado?"

Ya ɓare ta da wuƙa kamar gyaɗa.
Ga jan ƙarfe an naɗe shi kamar zare a kwarkwaro,
ga 'yan gwangwanaye, ɗaya ya kumbura ya fashe.

"Wutar bango ta haura ɗari biyu,
ga ta ba ta san zama ba,
je ka dawo, sau hamsin a daƙiƙa guda.
'Yar lelen taki kuwa sha tara take so,
a miƙe, ba gargada, kamar kunun jariri.
To wani ne zai sheƙa, ya tace, ya fifita,
kuma mai wannan aiki ba ya rabo da gumi.
Sa shi a ciki, ki ɗora a cinya,
ki zo ki ba ni labari.

Kin ga filin nan da ba komai?
Ba ɓarna ba ce, tazara ce
tsakanin wutar da ke kisa da wadda ke ciyarwa.
Wayarki kurɓa take, ludayi ya ishe ta.
Wannan kwankwaɗa take, dole ƙwarya ta yi faɗi.
Ke dai gode Allah, ta rikodar babana
ƙarfe ce zalla, da ita muke tokare ƙofa."

Ya hure toka daga yatsansa.
"Kuma da wuta ta haukace, wa ya tare?
Na dubu tara ya kwanta dama,
na dubu ɗari uku yana jakarki yana barci."

Na biya. Kuɗin ma ba nawa ba ne.
Yaya Shafi'u ya turo su tun da asuba
daga gidan burodi a Tudun Wada,
inda yake kwana a bakin tanda
gashin hannunsa duk ya ƙone,
don in zauna ƙarƙashin fanka a laburare
ina juya shafi da yatsa mai sanyi.

A Keke Napep na rungume sabuwar a cinya.
Nauyinta bai ragu ba ko kaɗan.

Da dare na jona ta, ɗan koren idonta ya buɗe.
Can na kai hannu ƙarƙashin tebur na taɓa bayanta.
Da ɗumi.
Na jima ban ɗauke hannun ba,
sannan na share mata wuri, inda iska ke ratsawa.