Albasar Wilfred

A watan Oktoba muka tare a gidan,
lamba sha tara, bayan tashar jirgi a Bolton.
Filin baya bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba,
ciyawa ta ci rabi, laka ta ci saura.
Na ce nan zan sa alayyafo.

Sara uku na yi da shebur ɗin aro,
sai ga albasa cure-cure,
wasu kamar tafarnuwa, wasu kamar ƙwan zabo.
Na cika roba, na kira Tasalla:
"Ɗora tukunya, tsohon mai gida ya bar mana gado."

Ta saman shinge muryar Edna ta faɗo,
tsohuwa mai hular ulu da sanda:
"Kul! Wannan ba ta miya ba ce,
ka ci ta, sai gadon asibiti.
Wilfred ya binne su, shekarar da aka rufe masaƙa,
shi ma bana shekara biyu da binne shi.
Mayar da su. Tsini sama, gemu ƙasa."

Na mayar ina ƙunƙuni.
Wa ke ba ƙasa ajiyar abin da ba a ci?

Sanyi ya zo ya miƙe ƙafa.
La'asar ta riƙa taka dugadugan azahar.
In fita tuƙin bas da duhu, in dawo da duhu.
Kurege ya tono biyu a gabana, ko kunya babu.
Akwai wani icce jikin katanga, tsirara, duk tsinke,
na ce wannan ya mutu,
na yi masa alkawarin zarto ran da na samu hutu.

Tsakiyar Fabrairu na fita zubar da shara,
ƙasa ta ƙandare kamar daɓe,
sai ga farare sun huda ta,
tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba,
kowacce ta sunkuyar da kai
kamar yaran da aka aika gaisuwa gidan manya.
Na tsuguna da bokiti a hannu
har gwiwata ta jiƙe.

Bayan sati biyu masu ruwan shuni suka biyo,
su sai rana ta leƙo suke buɗe baki,
da gajimare ya gitta su tsuke.
Sannan dogayen, rawaya, da baki irin na mazurari.
'Yata Ramlatu ta ƙirga talatin da ɗaya,
ta ce a makaranta dafodil ake ce musu.
Ni dai albasar Wilfred na sani.

Iccen da na yanke wa hukunci fa?
Wata safiya ya kama da wuta,
rawaya tun daga gindi, ko ganye ɗaya babu.
Ya yi biki kafin ya gina ɗaki.
Na tuna gawon gonar kakana,
shi ma ba ya bin lissafin kowa.
Na mayar wa mai zarto zartonsa.

Wani dare ƙanƙara ta dawo ɗaukar abin da ta manta,
ta kwantar da su duka, fuska a ƙasa.
Na ce shi ke nan.
Kafin in sauka daga aiki sun miƙe,
ban da uku.

Mutumin nan ban taɓa ganin ko hotonsa ba,
ga shi yana yi mini sannu da zuwa ta ƙarƙashin ƙasa.

Labulen Edna bai ɗaga ba tun ƙarshen Janairu.
An ce ta zame a matakala, ƙugu ya tsage,
tana gidan jinya can hanyar Farnworth.
Ranar Lahadi na yanki bakwai,
na naɗe gindinsu da jiƙaƙƙiyar jarida,
na hau bas a kujerar fasinja.

Ta daɗe tana kallon su
kafin ta ɗago ido:
"Ba ka dai ci ko ɗaya ba, ko?"