Amin Ɗin Daren Talata

Layinmu a Mabera masallaci biyu ne,
lasifika na harar lasifika.
Yayana Nomau na bin na gabas,
ƙanena Tsalha na yamma.
Shekara bakwai ba su haɗa sahu ba,
sai kwanon tuwo, shi ma don idon Inno.

Ni kuwa kullum tambaya: kai na wane ne?
Sai in ce ni ɗan Labbo ne,
mai noman albasa a fadamar Kwalkwalawa.
In azahar ta riske shi tsakanin kunyoyi
yakan wanke laka da ruwan da ya ba shuka,
ya shimfiɗa buhun taki,
ya gaya wa Ubangiji damuwarsa
da muryar da ko balbela ba ta tashi.
Har ya koma bai riƙe katin ƙungiya ba.

Da ciwon Inno ya yi tsanani
kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti.
Akwai wata nas, Rifkatu, 'yar Zuru,
da ɗan gicciye a wuya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Ita ke juya tsohuwa in baya ya gaji,
ita ta gano ba ta shan fura da sukari.

Daren Talata aka ɗauke wuta.
Numfashin Inno kamar guga a rijiyar rani,
ya tafi, ya tafi, da ƙyar ya dawo.
Rifkatu ta riƙe fitilar waya a hagu,
damanta bisa goshin uwata,
ta runtse ido, leɓɓanta na motsi.
Ban ji abin da ta ce ba.
Na dai san ba Fatiha ba ce.

Na ce amin.
Ta kuɓuce mini kafin in nemi fatawa.

Da safe Nomau ya ce in yi istigfari.
Tsalha ma ya ce in yi istigfari.
Ran nan ne bakinsu ya zo ɗaya,
har na yi dariya a baranda, mutane na kallo.
Inno ta buɗe ido ta ce,
"Mi kuka wa gardama?
Ɗiyar mutane ta roƙa min lahiya
ku kuna can kuna minshari."

Damina biyu ta ƙara a duniya.

Yanzu duk inda aka riga tada iƙama nan nake shiga,
wata rana gabas, wata rana yamma,
kowanne na yi mini kallon baƙo.
Ban bar sallata ba, ita ma ba ta bar cocinta ba.
Amma in goshina ya taɓa tabarma
nakan jera sunaye: Labbo, Inno,
'yan'uwan nan nawa biyu masu taurin kai,
sai in ɗan yi shiru,
in ce, da Rifkatu.
Ban tambayi kowa ba.