Maɓallin Komawa Baya

Shekara talatin da ɗaya ina ɗora bulo a Kumasi,
daga Aboabo har Tafo.
Hannuna kan san nauyin kwaɓi tun shebur bai taɓa shi ba.
Yau ga ni a shagon Kwabena, bayan kasuwar Asawase,
kan kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da waya,
an miƙo mini abu kamar sabulu mai wutsiya,
wai linzami.
Na ce, to ina dokin?

Barikisu ce ta biya, sidi ɗari uku,
daga kuɗin ɗinkin salla.
Ta ce, Baba, masu gida sun daina jin "bar mini kawai,"
sai sun ga ɗakinsu a allo kafin a haƙa tushe.
Na shafa gemu. Bai ce komai ba.

Layin farko ya tsere mini.
Na ja, ya wuce iyaka, ya keta gidan maƙwabci,
bango mai tsawon mita arba'in, ba ginshiƙi.
Yatsana mai kanta yakan danna biyu inda ake son ɗaya.
Na yi matakala ta hau sama ba ta tarar da kowa ba.
Na yi ƙofar falo ta buɗe cikin banɗaki.
Kwabena ya yi dariya har ya riƙe ciki,
da Hausarsa ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji:
Papa, bangonka ya sha giya.

Sai ya kama yatsana ya ɗora a kan wani maɓalli.
Danna.
Bango ya ɓace.
Ba guduma, ba ɓaraguzai, ba lebura mai jiran kuɗin yini,
ba maigida mai ɗaga murya a gaban yarana.
Na danna, ƙofa ta koma inda ta fito.
Na danna sau bakwai, fili ya dawo fari fat
kamar ban taɓa kuskure a duniya ba.

Daren nan ban yi barci ba.
Akwai bangon da na gina a gidanmu, shekarar da ruwa ya ci unguwa,
don a samu ɗakin haya.
Ya toshe tagar Inna.
Ba ta yi magana ba.
Ta ja tabarmarta zuwa bakin ƙofa,
nan take tsince shinkafa, tana kanne ido,
damina shida, har aka fita da ita.

Da asuba na ɗauki igiyar awo na bi gidan kusurwa-kusurwa,
na rubuta a bayan takardar siminti.
Mako uku ina zana shi.
Manhajar na da kujerun Turawa kala ashirin,
ba ta da randa, ba ta da turmi.
Na yi da'ira biyu, ni na san ko mene ne.

Ashe har rana ake sawa a ciki,
ka zaɓi wata, ka zaɓi lokaci.
Na ce, sa mini hantsi.
Na zaɓi bangon. Na goge.
Haske ya shigo ta taga, ya kwanta a ƙasa
daidai faɗin tabarma.

Kwabena ya ce, ajiye shi kafin a ɗauke wuta. Wane suna?
Da yatsa ɗaya, harafi-harafi, na neme su: tagar Inna.

Bangon gaske na nan. Ɗan haya ya rataya wandonsa a jiki.
Gobe ina da aiki a Tafo,
siminti kuwa ba shi da maɓalli.
Kafin in ja igiya zan tambayi tsohuwar gidan
ina take zama da safe.