Igiyar da Na Yanke a Westray

Ni na cire ta da hannuna,
ranar Laraba, ana yayyafi,
igiyar jan ƙarfe da ta shekara arba'in da ɗoriya
tana bin bangon Ishbel Flett kamar jijiya a bayan hannu.
Na naɗe ta, na jefa bayan mota.
Ba ta fi nauyin burodi ba.

A madadinta na ɗora farin akwati kan kanta,
mai idanu huɗu, kore shar, suna ƙifta wa juna.
Na ce, "Yanzu muryarki ta intanet za ta bi,
ta fi sauri, ta fi fita tar."
Haka aka koya mana mu faɗa.

Ta shafa jan madannin da ke rataye a wuyanta,
wanda 'yarta ta aiko daga Aberdeen bayan faɗuwar bara.
"In wuta ta ɗauke fa, Erlend?"
Na ce akwai batir.
"Na awa nawa?"
Na daɗe ina duba takarda,
alhali na san abin da ke rubuce.
"Awa ɗaya. Ko ta ɗan fi."
Ta ƙara mini shayi, ta kalli teku.
Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Tsohuwar igiya da guzurinta take tafiya.
Ko gari ya yi baƙi ƙirin,
ka ɗaga kan tarho, ka ji tana numfashi.
Sabuwar kuwa baƙuwa ce mai cin abincin gida,
murhu na mutuwa, ita ma ta yi gum.

Cikin Janairu teku ta tashi da fushi.
Iska ta kwantar da turaku bakwai,
jirgin fito ya kwana biyu a ɗaure.
Ina Kirkwall, ruwa tsakaninmu,
ina lissafi irin na wanda ake bi bashi:
wuta ta tafi ƙarfe tara,
ƙarfe goma idanun nan za su fara rufewa,
ɗaya,
sai ɗaya.
Na kira. Ko ƙara babu.

Ƙarfe uku na dare ta zame
tsakanin gado da ƙofar banɗaki.
Ta danna.
Daga baya na'urar ta nuna mini ƙidayar:
sau goma sha ɗaya,
na ƙarshe ƙarfe biyar da minti shida.
Sau goma sha ɗaya tana ƙwanƙwasa ƙofa,
babu gida a bayan ƙofar.

Ashe tun ranar da motata ta bar ƙofarta
ta taka da sanda har gonar Thorfinn Drever,
suka ƙulla tasu wayar:
kullum da asuba za ta aza fitila a tagar kicin,
in bai gan ta ba, ya zo.
Ya fito ba tumaki ciyawa,
ya ɗaga kai, taga duhu.
Da kafaɗa ya ɓalle ƙofar.

Ƙugu ya karye, rai bai fita ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji masu magana,
amma da jikin wa aka yi gwajin?

Da ta dawo daga asibiti na koma,
rungume da batir mai nauyin ɗan tunkiya.
Na durƙusa ina haɗa wayoyi,
ina jin idonta a ƙeyata.
"Na awa nawa?"
"Goma sha biyu."
"Guguwar ta yi talatin da ɗaya," in ji ta,
ta miƙa hannu tana goge gilashin fitila.

Igiyar tana nan a bayan motata har yau.
Sau uku ina wucewa ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe.
In na taka rami,
nakan ji ta tana motsi.